Kafin a sayo injin, a nemo mai zana wa wuƙa hanya

Duk wanda ya bi labaran ƙaddamar da cibiyoyin koyon sana'a a ƙasar nan ya saba da hoto guda: manyan baƙi tsaye gaban wani ƙaton inji mai ƙofar gilashi, ana yanke kyalle ana tafi. Injin nan yawanci na sassaƙa ƙarfe ne da kwamfuta ke sarrafawa, wanda aka sani da CNC. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne mutumin da zai gaya wa injin inda wuƙarsa za ta bi. Ra'ayina shi ne cewa wannan mutumin ya fi injin wuyar samu, ya fi shi daraja, kuma muddin muka ci gaba da fifita sayen ƙarfe a kan horar da shi, kuɗinmu zai ci gaba da kwana a ƙarƙashin tamfol.

Bari mu fara da yadda aikin yake. Injinan iri biyu ne manya. A na farko, ƙarfen da ake aiki a kai shi ke juyawa, wuƙa ta matso ta rinƙa fere shi, kamar yadda ake fitar da sanda mai zagaye ko ƙusa mai zare. A na biyu, ƙarfen yana ɗaure a kan teburi, wuƙa mai haƙora ita ke juyawa tana yawo gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, tana fitar da rami ko tudu ko lanƙwasa. Dukansu ba su san komai ba sai jerin umarni, layi bayan layi. G00 na nufin wuƙa ta ruga da sauri ba tare da yanka ba, G01 ta yi yanka a miƙe, G02 da G03 ta bi baka ta dama ko ta hagu, M03 kuma a kunna juyi. Abu mai sauƙin siffa ana iya rubuta masa umarnin da hannu. Mazubin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki don fitar da bokiti ko kujera kuwa yana iya cin layuka dubu ɗaruruwa, kuma a nan manhajar CAM ke shigowa. Ana ba ta zanen abin mai fuska uku, mai aiki ya zaɓi wuƙa da zurfin yanka da saurin tafiya, ita kuma ta lissafa hanyar.

Tarihin fasahar ma yana koyar da darasi. A ƙarshen shekarun 1940 wani ɗan kasuwa a jihar Michigan ta Amurka, John Parsons, ya fara amfani da lissafin katin huda wajen ƙera sassan fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin sassaƙa da ke karanta umarni daga tef mai huda. Nan da nan aka gane cewa ƙera injin bai kawo ƙarshen matsala ba, domin shirya tef ɗin yana cin lokaci mai yawa. Saboda haka aka koma ga ƙirƙirar harshen APT a ƙarƙashin jagorancin Douglas Ross a ƙarshen shekarun 1950, wanda shi ne kakan manhajojin yau irin su Mastercam da Fusion 360. Tun ranar farko, ƙullin yana wajen shirya umarni.

Za a iya cewa ai yanzu manhaja ta sauƙaƙa komai, yaro mai wayon kwamfuta zai koya cikin makonni. Gaskiya ne zai koyi danna maɓallai. Sai dai kowane akwatin da manhajar ta buɗe masa tambaya ce game da halin ƙarfe. Ɗauki wuƙa mai kaurin milimita 10 da haƙora 4, a kan ƙarfen da ya dace a yanke shi da saurin mita 100 a minti. Lissafi zai ba da juyi kusan 3,180 a minti, kuma idan kowane haƙori zai ɗebi milimita 0.05, wuƙar za ta yi tafiyar milimita 636 a minti. Wannan lissafin kowa na iya yi. Amma idan wuƙar ta yi tsawo fiye da kima ta fara kakkarwa, ko ƙarfen bai ɗauru sosai ba, ko bangon da ake fitarwa siriri ne zai lanƙwashe, lambobin nan sun tashi daga aiki. Alminiyam yana manne wa haƙori idan zafi ya yi yawa. Ƙarfe marar tsatsa yana ƙara tauri idan wuƙa ta tsaya tana goga maimakon yanka. Allon kwamfuta zai nuna aikin ya tafi sumul, alhali a cikin injin wuƙa mai tsada ta karye.

Akwai kuma kurakuran da ba sa yafiya. Injin yana bin abin da aka rubuta ko da zai hallaka kansa. G20 na nufin awo da inci, G21 da milimita, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, ruɗa su kaɗai ya isa ya tura wuƙa cikin teburi. Haka nan kowane kamfani, Fanuc na Japan ko Siemens da Heidenhain na Jamus ko Haas na Amurka, yana da karin harshensa, don haka tsakanin manhaja da inji akwai wani ƙaramin shiri mai aikin tafinta. Idan tafintan bai dace da injin ba, hanyar da aka zana daidai za ta isa a karkace. Ana kuma aiki ne a duniyar da kuskuren milimita 0.01 ke iya sa a watsar da kaya, alhali kaurin gashin kai yana tsakanin 0.05 da 0.1.

Manyan ƙasashe sun daɗe da sanin nauyin wannan ilimi. A 1987 rikici ya ɓarke lokacin da aka gano cewa wani reshen kamfanin Toshiba ya sayar wa Tarayyar Sobiyet manyan injinan sassaƙa, kamfanin Kongsberg na Nowe kuma ya ba da na'urorin sarrafa su. Amurka ta ce hakan ya taimaka wa Sobiyet ƙera farfelar jiragen ƙarƙashin teku marasa ƙara. Ƙwarewar lanƙwasa ƙarfe daidai ta zama batun tsaron ƙasa.

Mu a nan abin da ke gabanmu ya fi kusa da tukunya. Masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suna rayuwa ne a kan mazubai da kayan gyara, kuma idan wani ƙaramin sashe ya karye, sau da yawa sai an jira shi daga ƙetare da kuɗin waje, injin yana tsaye, ma'aikata na zaune. Ba mu rasa cibiyoyi ba. An kafa kamfanin ƙera injina na Osogbo a 1980 tare da haɗin gwiwar Indiya, hukumar NASENI ta zo a 1992 kuma tana da cibiya a Kano, asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF yana nan tun 1971, hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha tana Kaduna. Ba mu kuma rasa hannu ba: duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga mutanen da ke gane lafiyar yanka daga sautinsa da launin ɓurɓushin da ke zuba. Gibin yana tsakanin waɗannan da matasan da suka iya kwamfuta. Ɗaya ya san ƙarfe bai san manhaja ba, ɗayan ya san manhaja bai taɓa karya wuƙa ba.

Masu cewa a fara da inji suna da hujja, domin ba a koyon iyo a tudu. Matsalar wutar lantarki ma gaskiya ce, kuma ɗaukewarta a tsakiyar yanka na iya lalata aikin yini guda. Amma tsarin kashe kuɗin shi ne abin gyara. Duk kwangilar sayen inji ya kamata ta ƙunshi lasisin manhaja na halal, da tafintan da aka gwada a kan injin, da wuƙaƙe da ƙarfen da ɗalibai za su ɓata suna koyo, da albashin da zai riƙe malami. Ƙaramin inji da ɗalibai ke taɓawa kullum ya fi babba da aka kulle don tsoron kada ya lalace. Inda kuɗin lasisi ya gagara, akwai manhajoji na kyauta irin su FreeCAD da LinuxCNC da za su isa a koyi tushe. Sannan a buɗe ƙofa ga ƙwararrun bakin kasuwa ba tare da an tsare su da tambayar takardar digiri ba, a zaunar da su aji ɗaya da masu difloma, kowa ya koya wa ɗan'uwansa.

Ana ta maganar cewa ƙirƙirarriyar basira za ta karɓe wannan aiki, kuma lalle manhajoji suna ƙara iya ba da shawarar hanya da kansu. Duk da haka, wani ne zai duba shawarar, ya tsaya gaban injin da yatsa kusa da jan maɓallin tsayarwa a yankan farko, ya ɗauki alhakin abin da ya fito. Ma'aunin da ya kamata mu riƙa tambayar hukumomi da shi, a majalisa da kafafen labarai, shi ne yawan matasan da za a miƙa wa zane da safe su miƙo sashen inji da ya shiga gurbinsa da yamma. Adadin injinan da aka ƙaddamar ba ya amsa wannan tambaya.