Kiwon tsutsa ba hauka ba ne

A gidana a Maradi, ɓawon ayaba da na dankali da ganyen shayin da aka gama dafawa ba sa zuwa juji. Ina zuba su cikin tsohuwar randa, in rufe da busasshen ganye, in bar tsutsar ƙasa ta ci. Bayan kamar wata 3 sai ga baƙin taki mai ƙamshin ƙasar damina.

Maƙwabta na dariya, wai mushe ya koma kiwon tsutsa. To, buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, ƙasarmu kuwa ta gaji. Sharaɗin kawai inuwa da danshi, don zafin bazara na kashe tsutsar, kuma ban da nama da mai. Mu malamai, mu fara daga lambun lakwal.