Injin wankin mota: jari ne ko ado?

Jama'a, kwanakin nan tallar injin wankin mota mai feshi da ƙarfi ta cika Facebook da TikTok. Ana nuna mota duk taɓo, a fesa mata ruwa, kafin ka ƙifta ido ta koma sabuwa fil. Har a ofis abokan aiki sun fara shawarar saye, wai don a huta da biyan kuɗin wanki. Ni dai a nawa ra'ayin, ga ma'aikacin da ke da mota ɗaya a gida, wannan injin bai cancanci albashinsa ba. Bari in faɗi dalilaina.

Mu fara da ruwa. Masu talla suna cewa yana rage ɓarnar ruwa. Gaskiya ne, amma da tiyo suke kwatantawa, irin na wanda famfonsa ke zuba dare da rana. Mu nan da bokiti muke wanki. Ƙaramin injin gida, irin Kärcher K2, yana shan wajen lita 6 a minti ɗaya. Minti 10 lita 60 ke nan, ya haura jarka biyu ta 'yan garuwa. Yaron da ya iya aikinsa kuwa da bokiti biyu ko uku zai gama maka mota tsaf. To ina ragin yake? Ƙari a kan haka, idan ruwan rijiya ne mai yashi, ko tanki ya ƙare injin na kan aiki, famfon cikinsa ne zai lalace.

Sai wuta. Kuɗinta ba shi ne damuwa ba, wankin minti 10 bai kai rubu'in yunit ba. Samunta ne aiki. Injin yana jan wajen wat 1,400, ƙaramin janaretan nan namu na kallon labarai da fanka ba zai ɗauke shi ba. Ka tada babba kuma, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Ka ƙona mai don ka wanke motar da kai kanka sai ka yi lissafi kafin ka fita da ita?

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da yake yi a hannun wanda bai iya ba. Mafi yawanmu motocin Kwatano muke hawa, da yawa an taɓa yi musu ciko da fenti na biyu. Ka matso da bakin injin kusa da inda fenti ya ɗan tsage, wallahi sai ya ɓare shi kamar ɓawon gyaɗa. Ga ɗabi'armu ta buɗe bonet a feshe inji har ya yi ƙyalli. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori. Ruwa mai ƙarfi ya kutsa cikin soket ko kwal, washegari kana wajen rewaya, kuɗin wankin wata uku ya tafi a zama ɗaya. Garin neman gira a rasa ido.

Kar a ce na ƙi faɗin alherinsa. Yana da amfani guda biyu da hannu ba ya yi. Da damina yana fitar da taɓon da ya maƙale a ƙarƙashin mota da bayan tayoyi, wanda shi ke jawo tsatsa. Da hunturu kuma yana kore ƙura kafin a sa soso, domin goga tsumma a kan busasshiyar ƙura shi ke zazzana fenti har ya dusashe. Amma cikin mota fa? Kujeru, dashbod, kafet, shafa man ƙyalli, duk aikin hannu ne da haƙuri. Injin ba ruwansa da su.

Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. Injin mai ɗan inganci kuɗinsa ya haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Raba kuɗin da abin da kake biya a wanki ɗaya, ka ga wanki nawa za ka yi kafin ya mayar da kansa, ban da ruwa da gyara. Sau ɗaya ko biyu a wata ka kai motar wurin masu injin su wanke maka ƙasanta, sauran kwanaki bokiti ya wadatar.

Inda na ga ya zama dole shi ne sana'a. In kana da ƙane ko ɗa da ya gama makaranta yana zaman kashe wando, ku haɗa masa injin da tanki, ku nema masa wuri kusa da ruwa. A hannun mai wanke motoci da Adaidaita Sahu da babura daga safe zuwa magariba, injin jari ne. A gidanka kuwa, bayan ɗokin makon farko sito zai koma.

Kuma mu tuna da yaran nan masu wanki a bakin sakatariya da ƙofar masallatai. Ɗan abin da muke ba su shi ne cefanen gidajensu.

Masu shi a gida, ku faɗa mana tsakani da Allah: sau nawa kuka kunna shi a watan jiya?

Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.