Wai Har Yanzu Ba a Karɓar Jininmu?

A wata walimar suna da na halarta a wani gari na arewacin Ingila, bayan an yi addu'a an fara raba abinci, sai wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, ta nemi izinin yin magana. Ta ce ɗan ƙanwarta yana fama da cutar sikila, duk bayan mako shida sai an canja masa jini, kuma sau da yawa akan sha wuya kafin a sami wanda ya dace da jikinsa. Ta roƙi jama'a, don Allah, duk mai lafiya ya je ya ba da gudummawar jini. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya karkato ya ce, "Ɗana, yarinyar nan ɓata bakinta kawai take yi. Mutanen nan ba sa karɓar jininmu. Ni da kaina na je tun tana goye, suka tambaye ni inda aka haife ni, suka ba ni shayi da biskit, suka sallame ni." Na ce, "Baba, ai al'amura sun canja." Ya ce, "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu."

Maganar dattijon nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, domin ba ƙarya ya yi ba, illa dai labarinsa ya tsufa. Ra'ayina shi ne, yawancin ƙofofin da aka rufe wa 'yan Afirka a wannan fage an buɗe su, amma mu Hausawa mazauna ƙasashen waje muna nan tsaye a bakin ƙofa muna ba juna labarin ranar da aka kore mu, alhali waɗanda ke ɗanɗana kuɗar wannan tsayuwa tamu 'ya'yanmu ne.

Bari mu fara ba dattijo gaskiyarsa. A Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta fara da ƙin karɓar jinin baƙar fata ɗungurungum. A 1942 ta soma karɓa, amma tana ware shi daban da na farar fata, kuma ba ta daina ba sai a 1950. Abin takaicin shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin adana jini da yawa a ƙasar, wato likita Charles Drew, baƙar fata ne. A 1990 kuma, da fargabar cutar ƙanjamau ta yi tsanani, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta hana 'yan asalin Haiti ba da jini, kamar yadda ta hana 'yan Afirka kudu da Sahara. A watan Afrilu na shekarar, dubun-dubatar 'yan Haiti suka yi jerin gwano a kan gadar Buruklin ta birnin Niu Yok, kuma kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar.

Wadda ta fi shafarmu kai tsaye ita ce ta 1996. A wannan shekara hukumar ta ba da umarnin a dakatar da duk wanda aka haifa ko ya zauna, daga 1977 zuwa sama, a ƙasashe takwas: Kamaru, Chadi, Nijar, Najeriya, Gabon, Kongo, Ikwatoriyal Gini da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Mai karatu ya duba sunaye huɗu na farko, zai ga kusan ƙasar Hausa ce gaba ɗaya aka zagaye da jan alƙalami. Hujjar ita ce akwai wani nau'i na ƙwayar cutar ƙanjamau, wanda ake kira rukunin O, da aka fi samu a Kamaru da kewayenta, kuma gwaje-gwajen wancan zamani ba kullum suke gano shi ba. To, amma ko a Kamarun wannan nau'i ɗan ƙalilan ne daga cikin masu ɗauke da cutar. Ke nan Bazazzagin da ya bar gida yana ɗan shekara biyu, da Badamagaren da bai taɓa taka Kamaru ba, duk an yi musu kuɗin goro. Sai a 2009 aka ba cibiyoyin da ke amfani da sabon gwaji mai gano wannan nau'i damar daina yin tambayar. A Ingila ma, sai a 2021 aka cire tambayar da ke sa a dakatar da mutum wata uku idan abokin zamansa ya taɓa yin mu'amalar aure a yankunan da ƙanjamau ta yi yawa, wanda a aikace Afirka kudu da Sahara ake nufi.

Duk da haka, ba na cikin masu cewa dokokin nan ƙiyayya ce zalla, kuma zan faɗi dalili. Wanda ake yi wa ƙarin jini ba shi da zaɓi. Yana kwance, wataƙila ma ba ya cikin hayyacinsa, ba ya iya tambayar daga jikin wa aka ɗebo abin da ake ɗura masa. Amana ce tsantsa. Idan ana so a san abin da sakaci ke jawowa, a dubi abin da ya faru a Birtaniya daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, inda mutane fiye da 30,000 suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka haɗa daga jini, kimanin 3,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Wani ɓangare na magungunan daga Amurka aka shigo da shi, inda ake biyan mutane kuɗi su ba da jini, har da fursunoni. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Brian Langstaff bai fitar da rahotonsa na ƙarshe ba sai a watan Mayu na 2024, bayan da yawa daga waɗanda abin ya shafa sun daɗe a kabari. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a gida, ya ga samarin da ke raɓewa a bakin asibiti suna jiran a yi cinikin leda ɗaya da su, ya san cewa mai sayar da jini yana da dalilin ɓoye ciwonsa.

Za a iya cewa, to ai ana gwada kowace leda, mene ne amfanin tambayoyi? Amsar ita ce, tsakanin ranar da ƙwayar cuta ta shiga jiki da ranar da na'ura za ta iya ganinta akwai 'yan kwanaki, wani lokaci makonni. A wannan tsakani jini zai fito fes a gwaji alhali yana ɗauke da cuta. Tambayoyin su ne shingen da ke tare wannan giɓi. Kuma shingen ba mu kaɗai ya taɓa tarewa ba. Saboda cutar haukan shanu, Amurka ta shafe shekara ashirin da ɗoriya ba ta karɓar jinin wanda ya zauna a Birtaniya tsakanin 1980 da 1996, ko da kuwa Bature ne jar fata, sai a 2022 aka ɗage. A Birtaniyar kanta, wanda aka yi wa ƙarin jini daga 1980 zuwa yau ba ya ba da nasa, saboda wannan cuta.

Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya dace a auna kowace doka da shi ɗaya ne: shin akwai haɗari na haƙiƙa da gwaji bai iya ganowa ba tukuna? In akwai, a dakatar da mutum, a kuma yi masa bayani cikin mutunci. In kuwa gwajin ya samu, to ci gaba da tambayar mutum garinsu ba kariya ba ce, lalaci ne, kuma lalaci mai tsada. Laifin hukumomin nan, a ganina, ya fi yawa wajen jinkirin cire doka bayan hujjarta ta faɗi, da kuma cire ta shiru-shiru. An kori mutane da babbar murya, aka kuma janye korar da raɗa. Yaya za a yi wanda aka kora ya ji?

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu mun san rukunan jini na A da B da AB da O, waɗanda binciken Karl Landsteiner a 1901 ya buɗe hanyar gano su; ranar haihuwarsa ma, 14 ga Yuni, ita ce aka ware tun 2004 don tunawa da masu ba da gudummawar jini a duniya. Amma a jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wasu alamomi masu ɗimbin yawa bayan waɗannan, kuma gadonsu ake yi. Wanda aka yi wa ƙarin jini sau ɗaya bayan haɗarin mota, ƙananan bambance-bambancen nan ba kasafai suke damunsa ba. Mai sikila kuwa, wanda akan canja wa leda takwas ko goma a zama ɗaya, sau da dama a shekara, tun yana yaro har girmansa, garkuwar jikinsa tana koyon gane baƙin alamomi, sai ta fara yaƙarsu. Da zarar ta koya ba ta mantawa. Kowane jinin da bai dace ba yana rage yawan mutanen da za su iya taimakonsa nan gaba, har a kai ga ranar da za a duba rumbun ajiya kaf a rasa ledar da jikinsa zai karɓa.

Akwai wani nau'i da ake kira Ro. A Ingila, fiye da rabin baƙar fata masu ba da jini suna da shi, amma a cikin sauran jama'a bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba. Haka kuma mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar da ake kira Duffy a ƙwayoyin jininsu, wadda kusan duk Turawa suke da ita. Rashinta ma kariya ce daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Wato dai yaron da aka yi maganarsa a walima, jinin da ya fi dacewa da shi yana cikin jijiyoyin mutanen da ke zaune a ɗakin nan suna cin shinkafa. Sikila kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya kaɗai, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta. Da muka yi ƙaura, ba mu bar ta a filin jirgi ba.

A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu, cewa mai AS ba ya ba da jini. A Ingila da Amurka yana bayarwa. Ba a dai ɗura jininsa ga mai sikila ko jariri sabon haihuwa, amma yana amfanar wasu majinyata, kuma kowace leda da ya bayar tana sa a tanadi wata don mai sikila.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta, kuma galibinsu don kare mai bayarwar aka yi su. A Ingila mai farawa ya kasance tsakanin shekara 17 da 65, nauyinsa ya kai kilo 50. Ana ɗibar mililita 470, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da ke jikin baligi. Namiji yana komawa bayan mako 12, mace bayan mako 16, domin ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu amma sinadarin ƙarfe sai a hankali. Mai ciki ba ta bayarwa. Wanda ya yi zanen jiki na allura ko huda zai jira wata huɗu; wanda kuma ya je gida wanzami ya yi masa ƙaho, ya faɗa wa ma'aikaciya da bakinsa, kada ya jira sai an tambaye shi, tunda aska ita ma ta taɓa jini.

Shinge ɗaya da ya rage mai tsayi shi ne zazzaɓin cizon sauro, kuma wannan ina ganin yana da hujja. Wanda ya girma a inda sauro ke da yawa yana iya ɗaukar ƙwayar cutar a jininsa tsawon lokaci ba tare da ko ciwon kai ba, amma idan aka ɗura wa majinyacin da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe shi. Bambancin yana wajen yadda ƙasashe suka tunkari matsalar. Ingila tana da gwajin da ke duba ko jikin mutum ya taɓa yaƙar cutar: ka jira wata huɗu bayan dawowa daga gida, a gwada ka, in an sami jininka lafiya a karɓa. Amurka kuwa ta daɗe tana dogara da jira kawai, shekara uku ga wanda ya taso daga ƙasar da cutar take, sai a 2024 hukumarta ta amince da gwajin farko na tantance jinin masu bayarwa. Mu da ba ma shekara biyu ba mu je gida biki ko ta'aziyya ba, wannan lissafi ya shafe mu ƙwarai. Dabarar mai sauƙi ce: in ka san za ka tafi hutu a watan Yuli, kai jininka a watan Yuni. Haka nan dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma suna sauyawa. Abin da aka gaya wa maƙwabcinka a Jidda ko Kumasi ba lalle ya zama shi za a gaya maka a Landan ba.

Ba na musun cewa wasu za su je a sake mayar da su. Gwajin zai nuna alamar tsohon zazzaɓi, ko a tarar jininsu ya yi ƙasa, a ba su shayi da biskit kamar yadda aka ba dattijo. Wannan ba daɗi, musamman ga wanda ya bar aikinsa ya biya kuɗin mota. Abin da nake nema daga cibiyoyin shi ne su faɗa wa mutum dalili, su kuma faɗa masa ko zai iya dawowa da kuma yaushe, maimakon su bar shi ya koma unguwa da labarin cewa an ƙi jinin baƙar fata. Mutum ɗaya da aka sallama ba bayani yana hana goma zuwa.

Kafin a watse daga walimar na koma wajen dattijon na faɗa masa kaɗan daga abin da na rubuta a nan. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni iyakar shekarun mai farawa. Da na ce 65, sai ya yi dariya ya ce ya wuce nan da shekara shida, wato wannan karon tsufa ne ya kore shi, ba garinsu ba. Ya ɗaga hannu ya yafito 'ya'yansa maza biyu da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce su je su sami ma'aikaciyar nan su karɓi adireshin cibiyar. Ƙaramin ya ce, "Baba, ni fa tsoron allura nake ji." Dattijo ya ce ya je ya faɗa wa yaron da ake soka wa ita duk bayan mako shida.