Taron Masu Gina Shafukan Intanet: Ina Matan Suke?

Yau zancenmu a kan wani irin taro ne da ya fara yawaita a garuruwanmu, watau taron masu gina shafukan intanet, wanda samari kan cika maƙil, mu kuwa mata sai ɗai-ɗai.

Kwanan baya 'yar ƙanwata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta dame ni in raka ta irin wannan taro, don mahaifinta ya ce ba za ta je ita kaɗai ba. Na tafi da niyyar in zauna can baya in jira a tashi. A bakin ƙofa aka rubuta sunayenmu, aka rataya wa kowa kati a wuya, ba a karɓi ko kwabo ba. Da na shiga na duba, mata ba mu cika layi biyu ba.

Ga yadda abin yake. Ba taron gwamnati ba ne. Masu sana'ar ne da kansu suke haɗa kai su shirya, masu jawabi kuma yawanci sa kai suke yi. Da safe a yi jawabai gajeru, bayan azahar a rarrabu ƙungiya-ƙungiya, kowa ya gwada da hannunsa. Akwai wanda ake kira DevFest, wanda ƙungiyoyin masu sana'ar da ke da alaƙa da kamfanin Google kan yi wajen ƙarshen shekara a birane da dama, har da Kano da Kaduna. Akwai kuma Women Techmakers, na mata, wanda akan yi daidai lokacin Ranar Mata ta Duniya, 8 ga Maris.

Ita sana'ar ba tsafi ba ce. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago tsarin shafukan a shekarar 1989, kuma har yau abu uku ne tushensu. HTML shi ne ginin ɗaki, bango da ƙofa da taga. CSS shi ne jere, watau launi da tsari da ado. JavaScript kuwa shi ke sa in an taɓa abu ya amsa. Wadda ta iya jeren ɗakin amarya, ta san inda kowane kwano zai zauna, ai ba ta rasa basirar wannan aiki ba.

To, me ya hana mu zuwa? Ni dai abu huɗu na gani. Na farko, labarin ba ya iso mu, don da Turanci ake sanarwa, a kafofin da yawancinmu ba mu leƙawa. Na biyu, izini. Maigida ko uba in ya ji taro ne na maza da mata da zai kai har magariba, ba zai saki jiki ba, kuma ba a ga laifinsa ba in ba wanda ya yi masa bayani. Na uku, goyo da girkin rana. Na huɗu, wanda ya fi su duka, kunya. Yarinya tana ganin sai mai kwamfuta da zaƙin Turanci ke shiga, tana tsoron ta yi tambaya a yi mata dariya. Alhali kuwa matambayi ba ya ɓata.

Wata za ta ce, in ba mu je ba me muka rasa? Mun rasa da yawa. Dubi matan da ke sayar da turaren wuta da atamfa da dambun nama ta WhatsApp da Instagram. Wannan kasa kaya ne a ƙofar gidan wani, ranar da mai gida ya rufe miki asusu, ke da masu cinikinki kun rabu. Shafi naki na kanki kuwa shago ne. A wurin taron na ji abin da ban taɓa sani ba: sunan shafi, irin mai ƙarewa da .ng ko .com, haya ake yi, ana sabuntawa shekara-shekara, kuma wanda aka yi rajista da sunansa shi ne mai shi. Saboda haka in kin ba wani yaro kuɗi ya gina miki, ya sa sunansa, to shagon nasa ne, ba naki ba. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin mota.

Bugu da ƙari, aiki ne da mace za ta yi daga cikin ɗakinta, ba tare da ta bar 'ya'yanta ba. A shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya, ta hannun ministan sadarwa Dokta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan 3 a sana'o'in kwamfuta. Irin wannan dama a bakin 'yan taro ake fara jin ta, su ne kuma ke nuna wa juna yadda ake cike takarda. Wadda ba ta cikinsu sai ta ji bayan an rufe.

Matan wasu wurare ba su zauna jira ba. A 2014 wasu mata biyu 'yan ƙasar Polan, Ola Sitarska da Ola Sendecka, suka fara Django Girls a birnin Balin na Jamus, inda ake koya wa mace gina shafinta na farko kyauta cikin yini guda. A nan Nijeriya, Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a 2016. Duk don a sauƙaƙa wa mace zuwan farko ne, domin shi ne mai wuya.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Yini ɗaya ba ya mai da mutum gwani. Akwai tsadar data, akwai rashin wuta, kwamfuta kuma ba araha ba. Tun daga 2022 da ChatGPT ya fito, na'ura kan rubuta ƙaramin shafi da kanta, saboda haka mai koyo sai ta zurfafa kafin a biya ta. A yi hattara kuma da masu karɓar kuɗi mai yawa suna alkawarin dala cikin wata guda. Abin da taro ke bayarwa shi ne sanin hanya da abokan tafiya.

Ke da za ki je karo na farko, ki yi rajista da wuri. Ki nuna wa maigida ko Baba takardar shirin, ya ga wuri da lokacin tashi. Ki tafi da 'yar'uwa ko ƙawa. In ba kwamfuta, waya da littafi da biro sun isa. Ki zauna gaba, ki yi tambaya ko da guda ɗaya, da Hausa ma in ta kama. Ki karɓi lambar mace ɗaya da ta riga ki a sana'ar. Kada ki ba kowa lambar sirrin bankinki da sunan rajista.

Ku kuma masu shiryawa, ku kai sanarwa gidajen rediyo da makarantun 'yan mata da Islamiyyu, da Hausa. Ku keɓe wa mata wurin zama da na salla da inda mai goyo za ta shayar, ku sa mata cikin masu jawabi, a kuma tashi kafin la'asar sakaliya. Malaman makaranta su riƙa kai ɗalibai ayari guda. Iyaye maza da mazajenmu, in hankali bai kwanta ba, ku zo ku gani, ai gani ya kori ji.

Ita dai 'yar tawa, kafin a tashi ta gina shafi mai ɗauke da sunan sana'ar mahaifiyarta da hoton alkaki. Da muka koma ta nuna wa mahaifinta, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce yaushe ne na gaba.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.