An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, iska ba ta da shinge, amma tana da doka. Tun 1961 dokar Nijeriya ta hana kowa kafa na'urar aika magana ta iska ko aiki da ita sai da lasisi. A 1992 kuma aka kafa hukumomi biyu, NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da NCC mai kula da sadarwa. Ba mu da ja a kan wannan. Wanda ya san rawar da rediyon RTLM ya taka a kisan kiyashin Ruwanda a 1994 ba zai ce a sakar wa kowa baki ba. Tambayarmu ɗaya ce: wai shin kan wa bulalar take sauka?

Mu malaman sakandare da ke zaune a Sabon Tasha muna da dalilin tambaya. Ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachiya, a ƙaramar hukumarmu ta Chikun, suka kwashi ɗalibai 121. A ƙarshen Satumba na shekarar gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, har kusan wata biyu. Manomi ya rasa hanyar kiran ɗansa, mai naƙuda ta rasa hanyar kiran mota. To, shi ɗan bindigar fa? Ai oba-oba ba ta buƙatar turken kamfanin waya. Daga hannu zuwa hannu take magana, muddin akwai batir. Sau nawa muka ji sojoji sun lissafa oba-oba ƙirar Baofeng cikin kayan da suka ƙwato a daji? A daji ake ƙera ta? Ta kan iyaka ta shigo, a kanti aka sayar da ita, wani kuma ya ƙirga riba. Me ya sa ba mu jin labarin hukuncinsa kamar yadda ake shelar tarar gidajen rediyo?

Dubi dai inda hukuma take da zafin nama. A Maris 2019 NBC ta ci tashoshi 45 tarar naira dubu 500 kowacce. A Agusta 2020 ta ci Nigeria Info ta Legas tarar naira miliyan 5 saboda hira da marigayi Dakta Obadiah Mailafia, ɗan kudancin Kaduna. A Agusta 2022 Trust TV ta sha irin wannan tara saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Wato mai ba da labarin ɓarna ya biya, mai sayar wa maɓarnaci kayan aiki yana barcinsa. Dalili? Mai lasisi yana da adireshi, kamunsa ba ya sa gumi.

Har kotu ta gani. A Mayu 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar tashoshi 45 ɗin nan, ta ce NBC ba kotu ba ce. Mu ma a makaranta mun san ba a barin mai ƙara ya zama shi ne shaida, shi ne alƙali.

Wani zai ce oba-oba ƙarama ce, ba ta biyuwa. Haba! Ƙasar da ta iya tilasta wa tsohuwa haɗa layinta da lambar NIN, ita ce za ta kasa rubuta sunan dillalin oba-oba da na mai saye? A yi rajistar masu shigo da ita, a ba 'yan sintirin unguwa lasisi mai sauƙi, wanda aka kama yana kai wa daji kuma a gurfanar da shi a fili.

Mu da ke kiran sunayen yara kowace safiya, mun san nauyin sunan da aka kira ba a amsa ba. A daina dukan taiki, ga jaki can tsaye.