Waya Ba Ta da Zaure

A ginin gidan Bahaushe na gargajiya, baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. Zai tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, a turo yaro ya dubo ko wane ne, sannan maigida ya fito su gaisa. Wanda ya cancanci shiga a yi masa iso, wanda bai cancanta ba maganarsa ta ƙare a nan. Amfanin zaure shi ne masu gida su san wanda ke shigo musu.

Wayar da muke miƙa wa 'ya'yanmu ba ta da zaure. Mutumin da ba za mu yarda ya tsaya da 'yarmu a ƙofar gida ba yana iya yi mata magana da ƙarfe ɗaya na dare tana kwance a gadonta, mu kuwa muna ɗaki na gaba muna barci, hankalinmu kwance domin mun kulle ƙofa.

Akwai kayan aiki na kyauta da za su iya gina wa waya wani abu mai kama da zaure, kuma yawancinsu suna cikin wayoyin da muke riƙe da su, ba mu dai taɓa buɗe su ba. Ina ganin ya wajaba kowane uba da kowace uwa su kunna su. Sai dai ina da sharuɗɗa biyu: a kunna su da sanin yaron, kuma kada wanda ya kunna su ya ɗauka ya sauke nauyin da ke kansa.

Abin da ke hannunmu ba tare da biyan ko kwabo ba

Mafi yawan wayoyin da ke gidajenmu na Android ne, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, don haka manhajar da ta fi shafarmu ita ce Family Link, wadda Google ya fitar a 2017. Uba ko uwa za su buɗe wa yaro asusu da ainihin shekarunsa, su haɗa shi da nasu. Daga nan yaron ba zai sauke wata manhaja daga Play Store ba sai buƙatar ta iso wayar iyayensa sun amince. Za su iya ƙayyade masa sa'o'in da zai yi a rana, su sa wayar ta kulle kanta idan lokacin barci ya yi, su ga manhajar da ta fi cinye masa lokaci, su kuma ga inda wayar take a taswira. Masu iPhone suna da kwatankwacin wannan a cikin wayar kanta, mai suna Screen Time, tun 2018.

Mataki na biyu shi ne tace shafuka. Duk lokacin da aka rubuta sunan shafi, waya tana tambayar wani kundin adireshi da ake kira DNS inda shafin yake. Idan aka sauya kundin da wanda ba ya ba da adireshin shafukan batsa, shafin ba zai buɗe ba. Kamfanin Cloudflare ya samar da irin wannan kyauta a 2020. A na'urar da ke rarraba intanet a gida ana sa lambar 1.1.1.3, sai ta tace wa duk wanda ya hau. A wayar Android kuwa, akwai wuri a cikin saituna mai suna Private DNS, inda za a rubuta family.cloudflare-dns.com, kuma wannan yana aiki ko da datar layin waya ake amfani. Aikin minti biyu ne.

Na uku, manyan dandamali suna da nasu makullan. YouTube Kids yana nan tun 2015 domin ƙananan yara. TikTok ya kawo Family Pairing a 2020, wanda ke ba iyaye damar haɗa asusunsu da na yaro su taƙaita masa lokaci da saƙonni. A watan Satumba na 2024 Instagram ya fara mayar da 'yan ƙasa da shekara 18 kan asusun matasa, wanda ke rufe shafin yaro daga baƙi, kuma ɗan ƙasa da shekara 16 ba zai sassauta matakan ba sai da izinin iyaye.

Inda katangar ta tsage

Waɗanda suka ƙera waɗannan kayan sun yi su ne bisa tunanin gidan da kowane yaro yake da wayarsa. A gidajenmu da yawa ba haka abin yake ba. Waya ɗaya ce, ta uwa ko ta yaya, tana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma a idon Google mai riƙe da ita babban mutum ne. A irin wannan hali Family Link ba ta da abin da za ta yi. Abin da ya rage shi ne a sa tacewar DNS a wayar, a sa wa Play Store lambar sirri, a kuma koyi kafe waya a kan manhaja ɗaya kafin a miƙa wa yaro. Android tana da wannan a cikin saitunan tsaro, iPhone kuma tana kiran nata Guided Access.

Tsaga ta biyu ita ce shekarun ƙarya. Duk kariyar da Instagram da TikTok ke yi wa matasa ta dogara da farko a kan ranar haihuwar da aka rubuta. Sau da yawa a shagon da aka sayi waya ake buɗe asusu, a cika kowace shekara ta zo baki, sai yarinya 'yar shekara 12 ta zama 'yar 25 a wurin na'ura. Ko shekara 13 ɗin da dandamali suka ɗauka a matsayin iyaka, ba wani masanin tarbiyya ne ya auna hankalin yara ya yanke ta ba. Asalinta wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da yardar iyayensu.

Ta uku, mai tace shafuka sunan shafi kawai yake gani. Idan batsar tana cikin bidiyon TikTok ne da Hausa, ko cikin saƙon murya a wani zauren hira na WhatsApp, ba zai san ta wuce ba. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa tun 2016, kuma Family Link ba ta nuna abin da aka rubuta. Sannan manhajar VPN tana iya kewaye tacewar baki ɗaya, alhali 'yan Nijeriya da yawa sun koyi amfani da ita a watanni bakwai da gwamnati ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Abin da yaya ya sani, ƙane zai sani. Shi ya sa hana sauke manhaja sai da izini ya fi kowane mataki muhimmanci.

Hatsarin da ke shigowa da sallama

Iyaye sun fi tsoron abin da yaro zai kalla. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne wanda yaron zai yi magana da shi. A watan Maris na 2022, wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya karɓi saƙo a Instagram daga asusun da ke ɗauke da hoton budurwa. Aka yaudare shi ya aika hoton tsiraicinsa, nan take aka ce ya biya kuɗi ko a tura wa danginsa da abokansa. Cikin 'yan sa'o'i ya kashe kansa. Masu asusun wasu 'yan'uwa biyu ne daga Legas. An miƙa su ga Amurka a 2023, kuma a Satumbar 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A Yulin 2024, kamfanin Meta ya sanar da cewa ya goge asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya da ke irin wannan damfara.

Masu wannan sana'a suna cikinmu, kuma babu dalilin da zai sa mu ɗauka 'ya'yanmu sun fi ƙarfinsu. Ba su da makami sai kunyar yaron da tsoron kada iyayensa su sani. A al'ummar da hoto ɗaya zai iya rusa maganar auren yarinya ya kuma zubar da mutuncin gidansu, wannan makami ya fi kaifi. Akwai abin taimako na kyauta mai suna Take It Down, wanda cibiyar kare yara ta Amurka, NCMEC, ta buɗe a 2023. Yana ciro wata lambar shaida daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, sai dandamali irin su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da lambar wajen gano shi su cire. Amma kafin a kai ga nan, dole yaron ya buɗe baki ya faɗa wa wani.

Me ya sa ba za a yi leƙen asiri ba?

Wani zai ce, tunda haka ne, bari in sa manhajar da za ta riƙa turo mini duk saƙonninsa a ɓoye. Ban goyi bayan wannan ba, saboda dalilai biyu. Na farko, irin waɗannan manhajoji suna kwashe hotuna da saƙonni da bayanin inda yaro yake su ajiye a rumbun wani kamfani da ba ka san shi ba. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta haramta wa kamfanin SpyFone wannan sana'a baki ɗaya, bisa zargin tattara bayanan mutane a asirce da kuma sakaci wajen tsare su. Wanda ya sa irinta ya buɗe wa ɓarawo taga ne yana zaton gadi yake yi.

Na biyu, ranar da yaro ya gano, kuma zai gano, darasin da zai ɗauka shi ne ya ƙware wajen ɓoyewa. Zai ari wayar aboki, ko ya buɗe asusu na biyu. Mafi muni, ranar da ya faɗa hannun mugu, iyayensa ne mutane na ƙarshe da zai tunkara.

Wani kuma zai ce a hana wayar gaba ɗaya. Jinkirta ba yaro wayar kansa shawara ce mai kyau, kuma ba mu kaɗai ke wannan tunani ba: a ƙarshen 2024 majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a dandamalin sada zumunta. Sai dai jinkiri yana da iyaka. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, makarantu da yawa kuma ta WhatsApp suke aika aikin gida. Yaron da bai taɓa koyon zama da waya a gaban iyayensa ba zai koya a ɗakin kwanan ɗalibai, inda babu mai ce masa kul.

Wa yaron zai faɗa wa?

A nan al'adarmu take da rauni, a nan kuma take da magani. Kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari wanda wasu iyayen ko sunansa ba sa faɗa, takan sa wasu maganganu ba sa yiwuwa tsakanin uba da ɗa. Babu laifi a yarda da hakan. Amma al'adar da ta kafa wannan kunya ita ce ta tanadi kaka da ake wasa da ita, da goggo, da kawu, da yaya. Kamata ya yi kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya san waya kuma yake da riƙon sirri, a faɗa wa yaro ƙarara: in wani abu ya same ka a waya da ba za ka iya faɗa mana ba, je ka wurin wane.

Sannan a yi masa alƙawari tun kafin komai ya faru, cewa duk wanda ya zo da kansa ya faɗi matsala, ba za a fara da duka ko ƙwace waya ba. A koya masa abin da zai yi idan aka yi masa barazana da hoto: kada ya biya, domin biya ba ya kawo ƙarshen buƙatarsu, kada ya goge saƙonnin, domin su ne shaida, ya daina amsawa, ya faɗa wa babba a daren, kada ya jira safiya.

Shawarata ita ce a ware yamma ɗaya a wannan makon. A zauna da yaron da wayar a tsakani, a gyara ranar haihuwar da ke asusunsa, a kunna Family Link ko Screen Time yana kallo, a bayyana masa abin da iyaye za su gani da abin da ba za su gani ba. A yi yarjejeniya a kan inda waya za ta kwana, kuma ya fi kyau ta kwana a falo tana caji, har da ta iyayen. A kuma gaya masa cewa za a riƙa sassauta matakan yayin da yake girma, domin wata rana zai bar gidan da wayarsa a aljihu, kuma daga ranar shi ne zai riƙa tsayawa a nasa zauren yana tambayar ko wane ne.