A JI KUKAN 'YAN JAMI'A TUN YANA ƘARAMI

Duk wanda ya duba tarihin jami'o'in ƙasan nan da idon basira zai ga wani abu mai ban tausayi. Manyan fitinun da suka jawo aka zubar da jinin 'yan makaranta, yawancinsu daga ƙaramar magana suka taso, watau maganar tuwo, ko ta ɗakin kwana, ko ta 'yan kwabbai. A kan wannan muke so mu jawo hankalin hukumomin jami'a da na samarinmu yau, gama tsadar da ake ciki ta sa irin waɗannan ƙananan maganganu sun yawaita a bakin ɗalibai.

Bari mu kawo misali uku, don kada a ce zance muke yi ba madafa.

Na fari ya faru a Jami'ar Ibadan. Ɗaliban da ke kwana a gidan da ake kira Nnamdi Azikiwe suka yi ta kuka a kan yadda ake tafiyad da ɗakin cin abincinsu. Kukan bai sami mai share shi da wuri ba, har ya zama zanga-zanga, aka kira 'yan sanda. Ran 1 ga watan Fabrairu 1971 harsashi ya sami wani ɗalibi, Kunle Adepeju, ya mutu. Asalin maganar fa duka abinci ne.

Na biyu ya game ƙasa duka. Cikin shekarar 1978 aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi da kwabo 50 a kowace rana, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta lokacin, wadda Segun Okeowo ke shugabanta, ta nemi a janye ƙarin, ba a janye ba. Cikin watan Afirilu sai ɗalibai suka fito, suna cewa lalle Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, ya sauka. A Ikko aka harbe ɗalibi, a Zariya kuma soja suka shiga, aka yi hasarar rayuka. Daga baya aka rufe jami'o'i, aka soke ƙungiyar ɗungum.

Na uku kuwa a gida ya same mu, a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin watan Afirilu 1986 ɗalibai suka yi jerin gwano don tunawa da 'yan'uwansu da suka mutu a 1978, maza suka bi ta cikin gidan kwanan mata da ake kira Amina, abin da dokar jami'a ta hana. Hukuma ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka ce ba su yarda ba, kowane gefe ya kafe. Ran 23 ga watan Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru, aka kashe mutane, har da mace. Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'i, Gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye ya bincika, shugaban jami'ar kuma, Farfesa Ango Abdullahi, ya bar kujerarsa a shekaran nan.

To, jama'a, mene ne darasin da ke ciki? A duk wurare ukun nan akwai lokacin da za a iya zama a tabarma ɗaya a kashe magana, amma aka bari lokacin ya wuce. Hukuma ta ga in ta saurari yara girmanta ya zube. Yara kuma suka ga ba mai jin su sai sun fito fili da ihu. Da ihu ya tashi sai aka kira masu bindiga, alhali kuwa mai bindiga ba a koya masa shari'ar tuwo ba. Iyayen da suka sayad da hatsi da dabbobi suka aika ɗa neman ilmi, sai gawa aka kai musu.

Dalilin da ya sa muka tono wannan tsohon miki shi ne halin da ɗalibai suke ciki yanzu. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga watan Oktoba 1962, Sardauna Sir Ahmadu Bello yana Uban Jami'a, ɗalibanta 426 ne kurum, hukuma tana iya sanin kusan kowa da fuska. Yau ana ƙirga su da dubbai masu yawa a Samaru da Kongo, haka kuma abin yake a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Ɗakunan kwana ba su ƙaru daidai da yawan masu kwana ba, saboda haka ɗakin da aka gina don mutum kaɗan sai ka tarar an cushe shi, waɗanda ba su samu ba kuma su kama haya a gari. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Yaron da ya kwana da yunwa, ya tashi famfo ba ruwa, ya je aji bai sami wurin zama ba, ba shi da wuyar zuga.

Gaskiya ne Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Cikin watan Afirilu 2024 aka sa hannu a dokar asusun bai wa ɗalibai rance, wanda ke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ya kuma ba shi na ɓatarwa. Wannan abin yabo ne. Su ma ɗalibai sun cancanci yabo, domin a 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yaran nan suka jure zaman gida da haƙuri. Amma rance ba ya gyara famfo, haƙuri kuma yana da iyaka. Abin da ya rage yana hannun waɗanda ke zaune da ɗaliban dare da rana.

Saboda haka muna roƙon shugabannin jami'o'inmu abu uku. Na ɗaya, a bar ƙungiyar ɗalibai ta rayu, a bar su su zaɓi shugabanninsu da kansu. An saba, da zarar an yi rigima sai a rushe ƙungiya, a naɗa 'yan riƙo waɗanda hukuma ta zaɓa. Wannan dabara ce mai cutar mai ita, gama ran da abu ya ɓaci, shugaban jami'a zai nemi wanda ɗalibai ke jin maganarsa ya rasa. Na biyu, a sa ranar da shugaban jami'a da mai kula da al'amuran ɗalibai za su riƙa zama da wakilan kowane gidan kwana, ko da sau ɗaya ne a wata, a rubuta abin da aka yi alkawari, a kuma faɗi ranar cika shi. In za a ƙara kuɗin wani abu, a yi shawara da su tun kafin a manna takarda a allo. Na uku, kada a gaggauta kiran masu makami cikin harabar makaranta. In abu ya gagara, gara a rufe makaranta kowa ya tafi gida, domin karatun da aka rasa ana ramawa, ran da ya fita kuwa ba ya komowa.

Ku kuma samari da 'yan mata, ku ji namu. Samun gurbi a jami'a arziki ne da dubban 'yan'uwanku suke nema kowace shekara ba su samu ba. In kuna da kuka, ku rubuta shi, ku miƙa ta hannun wakilanku, ku bi shi da naci da ladabi. Wanda ya ƙone motar jami'a ko ya farfashe tagogin ɗakin karatu, dukiyar ƙannensa ya ɓata, kuma sau da yawa iyaye ne ake ɗora wa biyan diyya kafin a sake buɗe makaranta. Dokar da ta tsare mutuncin gidan kwanan mata doka ce da ta dace da al'adarmu, ku kiyaye ta ko kuna cikin fushi. Ku lura da waɗanda kuke zaɓa. Shugaban ɗalibai da ke yawo bayan 'yan siyasa yana karɓar na goro ba zai tsaya muku ba ranar da ruwa ya ƙare a gidan kwana. Ku kuma yi hankali da jita-jitar da ke yawo a wayar hannu, gama ƙaryar da a dā takan kwana kafin ta zaga makaranta, yanzu cikin ƙiftawar ido take gamawa.

Iyaye ma akwai nasu. Kada a ce an kai yaro jami'a shi ke nan an sauke nauyi. A riƙa tambayarsa inda yake kwana, da abin da yake ci, da waɗanda yake tafiya da su. Tsofaffin ɗalibai da Allah ya buɗa wa, su tuna da ɗakin da ya rene su, su taimaka da rijiya ko gyaran banɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magabatanmu sun kafa jami'o'in nan don ƙasa ta sami likitoci da alƙalai da malamai da injiniyoyi. Wanda zai riƙe jama'a gobe, a makaranta yake koyon yadda ake kai kuka da yadda ake sauraronsa. In ya ga manyansa suna zama da shi suna jin ta bakinsa, haka zai yi wa talakawa ran da mulki ya zo hannunsa. Muna fata hukumomi za su duba wannan magana tun ba a kai ga da-na-sani ba. Allah ya shiryi yaranmu, ya ba shugabanninsu kunnen ji, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.